Ki ba shi maganin da likita ya rubuta, man kifin ya biyo baya

'Yar uwa sannu, wallahi ina karanta tambayarki kamar nawa karen kike ba da labari. Kin ce naki ya tsufa, da safe sai ya yi ta fama kafin ƙafafun baya su ɗauke shi, likitan dabbobi ya rubuta masa carprofen, maganin ciwo da kumburi, amma kina tsoron ƙoda da hanta, shi ne kike tunanin ki ajiye shi ki koma glucosamine (maganin ƙari na gaɓoɓi) da kurkum. Don Allah kar ki ajiye. Kare ba ya kukan ciwon gaɓoɓin nan fa, shiru yake yi, ya daina hawa bene, ya daina tarbarki a ƙofa, ya yi ta lasar gwiwa, ke kuma ki ɗauka tsufa ne kawai alhali azaba yake sha.

Tsoronki ba na banza ba ne, carprofen da meloxicam da ire-irensu suna iya taɓa ciki da ƙoda da hanta, shi ya sa ake gwajin jini kafin a fara, a riƙa maimaitawa, a kuma ba shi da abinci ba da ciki wayam ba. In kika ga amai ko zawo ko ya ƙi cin abinci ki tsayar ki kira likita a ranar.

Ni abin da ya kusa kashe min nawa ba maganin likita ba ne, mutum ne. Tafiya ta kama ni na bar shi wurin wani mai cewa ya ƙware a kiwon karnuka, na ba shi kwalbar meloxicam da sirinjin awo na nuna masa layin da zai tsaya. Ashe da na juya baya bawan Allahn nan ya ga ɗingishin bai masa ba, ya ƙara masa ibuprofen irin namu na mutane a kai, wai don ya fi saurin aiki, har da garin tafarnuwa a abinci wai na gargajiya ba ya illa. Na dawo na tarar da shi kwance a lungu ko jela bai iya kaɗawa, na ɗaga leɓensa dasashin fari fat, kashinsa baƙi ƙirin kamar kwalta ga wani irin ƙarni da har yau in na tuna zuciyata tashi take. Gyambon ciki ne yana zubar jini. Ina riƙe da kansa ana neman jijiyar da za a sa masa ƙarin ruwa, jikina na rawa, shi kuma mutumin yana tsaye yana ce min ai haka yake wa nasa ba abin da ya same su. Ko sannu bai ce ba! Har yanzu in mun haɗu gaisuwa ce kawai, raina bai huce ba gaskiya. To ki gaya wa duk na gidanki, ibuprofen da diclofenac ba na kare ba ne, tafarnuwa da albasa ma lalata masa jini suke, kuma ba a haɗa carprofen da prednisolone, wani maganin kumburi.

Maganar magungunan ƙari kuwa, man kifi mai omega-3 shi ne na ga amfaninsa, kuma shi ne bincike ya fi goyon baya. Amma sai an yi makonni ana ba shi kafin a ga wani abu, wa zai bar dabba cikin ciwo duk tsawon lokacin nan? Glucosamine da chondroitin hujjarsu ba ta da ƙarfi, wasu na yabo, ni ban ga komai ba. Kurkum kuwa jiki ba ya tsotsarsa sosai. In za ki saya ki duba takardar jikin robar kar a ce akwai xylitol, wani sinadarin zaƙi, guba ne ga kare. Kuma ki nuna wa likitan kafin ki fara, in sun karɓe shi wataƙila nan gaba ya rage masa yawan carprofen ɗin. In kuma gwaji ya nuna ƙodar ba ta da ƙarfi ki tambaye shi allurar Librela ta wata-wata, hanyar aikinta daban ce.

Af, ƙiba! Akwai binciken da aka fitar a 2002 kan karnukan Labrador, waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin ɗari na abinci sun fi 'yan uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓin ma bai kama su da wuri ba. Ki shafa gefen ƙirjinsa, in sai kin danna kafin ki ji haƙarƙari to nauyi ya masa yawa. Ki shimfiɗa masa darduma inda tayil ke da santsi, ki yanke masa farce, yawo kaɗan-kaɗan kullum kar ya kwanta gaba ɗaya. Kilo nawa ne ma shi yanzu? Kuma an masa gwajin jinin kuwa ko haka aka miƙo miki maganin? Allah ya ba shi sauƙi.