Tauraron da aka ce ya girmi halitta: ya halatta in koyar da shekara biliyan 13.8?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, a manhaja muna koya wa yara cewa sararin samaniya da duk abin da ke cikinsa ya kai shekara biliyan 13.8, to sai wani ɗalibina ya kawo min maganar wani tauraro da aka auna aka ce ya haura shekara biliyan 14, yace ta yaya ɗa zai girmi uwarsa? Kuma wani abokina yace ai a Musulunci shekarun duniya 7000 ne, wai ina koya wa 'ya'yan mutane kafirci. Malam hankalina ya tashi, mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, ba ka yi kafirci ba, abokin naka ma shi ya kamata ya ji tsoron Allah, don kalmar kafirci ba a jefa ta haka kawai.

Mu fara da maganar 7000 ɗin don ita ce ta shafi addini kai tsaye. Babu aya ko ɗaya, babu hadisi ingantacce ko ɗaya da ya yanke adadin shekarun duniya. Eh maganar ta shigo littattafanmu, Imam Ɗabari ya kawo ta a littafinsa na tarihi, amma Ibnul Ƙayyim a cikin Al-Manarul Munif ya sa hadisin da ke cewa duniya shekara 7000 ce kuma muna cikin dubu ta bakwai a sahun ƙarya bayyananniya, hujjarsa kuwa mai sauƙi ce, da gaskiya ne da kowa ya lissafa ya san ranar tashin Alƙiyama alhali Allah yace saninta na wurinSa shi kaɗai. Kafin shi ma Ibnu Hazm ya faɗa a cikin Al-Fisal cewa mu Musulmi ba mu yanke wani adadi sananne ba. Irin wannan lissafin an fi saninsa wajen Ahlul Kitabi, wani limamin kirista ma ɗan ƙasar Ayilan mai suna Ussher a 1650 ya lissafa yace an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Abin da Alƙur'ani ya faɗa shine kwana shida, kamar a A'araf aya ta 54, kuma mun yi imani da shi yadda ya zo. Amma wane irin kwana, tunda lokacin ba a riga an halicci ranar da muke ƙirga kwana da ita ba? Alƙur'anin da kansa ya ambaci yini mai tsawon shekara 1000 a Hajji aya ta 47, da mai tsawon shekara 50,000 a Ma'arij aya ta 4, shi yasa malaman tafsiri suka yi saɓani tun da can. Kuma ko ma yaya ne, wannan tsawon lokacin da aka yi halittar ne, ba adadin shekarun da suka shuɗe daga nan zuwa yau ba, mutane da yawa suna cakuɗa biyun.

Sai tauraron ɗalibinka, yaron nan yana da kai, ka riƙe shi da kyau. Sunan tauraron HD 140283, ana masa laƙabi da Metusela, nisansa da mu kusan tafiyar haske ce ta shekara 200. A 2013 masana suka yi amfani da madubin hangen nesa na Hubble suka ce shekarunsa biliyan 14.46, amma abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa shine su masanan sun ce awon zai iya yin sama ko ƙasa da miliyan 800, to ka cire miliyan 800 ka gani, biliyan 13.66 kenan, ya dawo ƙasa da 13.8. Ba a taɓa tauraron da hannu ba ai, haskensa da nisansa da sinadaran da ke jikinsa ake dubawa a yi kiyasi, kuskure kaɗan a nisa ko a yawan iskar oksijin ɗinsa sai lissafin ya goce, daga baya ma wani binciken na 2021 ya sauko da shi wajen biliyan 12. Kuma ba yau aka fara ba, awon da Edwin Hubble ya yi a 1929 ya ba halitta kusan shekara biliyan 2 ne kacal, sai ga duwatsun ƙasa an auna sun fi haka, aka koma aka gano kuskure ne a awon nisan taurari aka gyara. Yanzu ana ba ƙasa biliyan 4.5, ita kuma 13.8 ɗin ta fito daga awon tauraron ɗan adam na Planck na Turai.

To hukunci dai, ya halatta ka koyi wannan ilimi ka koyar da shi, har ma abin so ne, Allah yace a Ankabut aya ta 20 mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fara halitta. Sharaɗi shine ka faɗa wa yara kiyasin masana ne mai ƙarfi wanda zai iya canzawa, kada ka mai da shi aƙida, kuma kada ka jingina wa Alƙur'ani ko Manzon Allah (SAW) wata lamba, ko 7000 ce ko biliyan 13.8, don ina ganin wasu matasa suna ta lanƙwasa ayoyi sai sun fitar da lambar dole, wannan faɗa wa Allah abin da bai faɗa ba ne kuma ina tsoratar da su sosai.

Abin da ya zama wajibi a kanka ka ƙudurce shine halitta fararriya ce, Allah ne kaɗai daɗaɗɗe mara farko, kamar hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari, Allah ya kasance babu komai sai shi. Wanda yace halitta ba ta da farko ko ba ta da Mahalicci shine ya taɓa imaninsa. Abokin naka kuwa ka nuna masa maganar Ibnul Ƙayyim cikin lalama, ka roƙe shi ya janye kalmar da ya faɗa maka. Wallahu a'alam.