Idan birki ya ƙwace, wa motar za ta zaɓa?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon motoci masu tuƙa kansu a waya. Idan birki ya ƙwace, ga mutum biyar a gaba, ga ɗaya a gefe, za a koya wa motar ta take ɗayan don ta ceci biyar? Daga wani direba, tashar Jega, Jihar Kebbi.

Amsa: Malam direba, tambayarka ta girmi motar. Philippa Foot, masaniyar falsafa 'yar Ingila, ta kawo irinta tun 1967. Masu cewa a ceci biyar suna bin Jeremy Bentham ne, masanin falsafa ɗan Ingila wanda ya rasu a 1832: a ganinsa, aikin kirki shi ne wanda ya fi amfanar mafi yawan jama'a. Ra'ayin ya yi wa masu haɗa manhaja daɗi, don lissafi ne, kuma lissafi ne abincin kwamfuta.

Ni dai ban yarda a sakar wa na'ura wannan ma'auni ba. A binciken da mujallar Science ta buga a 2016, akasarin waɗanda aka tambaya sun amince mota ta sadaukar da fasinjanta don ceton jama'a, amma ba su son sayen irinta. Su dai maƙwabci ya saya! Malamanmu na fiƙihu sun san ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, duk da haka ba su halatta maka kashe wani don ka tsira ba, ko an tilasta ka. Kwamitin gwamnatin Jamus ma a 2017 ya ce kada na'ura ta fifita rai a kan rai saboda shekaru ko jinsi.

Sannan lissafin sai an ga abin da ake ƙirgawa. A Maris 2018 motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata mai tura keke a Tempe, jihar Arizona ta Amurka. Na'urar ta hango ta sama da daƙiƙa 5 kafin karo, tana ta canza shawara: mota ce, keke ne, wani abu ne dabam. To kawo ta Jega ranar kasuwa, ga 'yan kabu-kabu, ga amalanke, ga shanu na tsallaka titi. Biyar ɗin nawa za ta gane?

Da aka je kotu kuma, matar da aka zaunar bayan sitiyari don ta sa ido aka gurfanar, ba a tuhumi kamfanin da laifin kisa ba.