Amsa kan fita da ɗalibai nazarin ƙasa a Tawa

Malam, ka tambayi yadda za ka kai ɗaliban kwaleji nazarin ƙasa a fili alhali makarantarku ba ta da mota. Shawarata ita ce ka fara da inda ƙafa za ta kai ku, domin a ƙasar Adar ba a rasa kwarin da ruwan damina ya zaizaye a bayan gari, kuma a gefensa yaro zai ga yashi, laka da tsakuwa a jere da idonsa. Ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da igiya mai ƙulli a kowace mita, su auna faɗin kwarin da zurfinsa, sannan su zana taswirarsa suna nuna arewa.

A ganina abin da ya fi amfani shi ne hira da manoma. Bayan ka nemi izinin mai gona, ɗalibai su tambaye shi yadda tassa (ƙananan ramukan da ake haƙa a gona a yi shuka a ciki) da jerin duwatsu ke tsare ruwa, ka haɗa musu wannan da aikin farfaɗo da ƙasa na yankin Keita, a jihar Tawa, wanda aka fara a 1984. Ku fita da sassafe a Nuwamba ko Disamba, kowa da gorar ruwansa.