Tambaya da Amsa: Daga aji zuwa binciken gyaran tsarin ilimi

Tambaya: Salamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Maraɗi, ina da lisans. Burina in zama malamin jami'a mai bincike kan manufofin ilimi da gyaran makarantu. Ta ina zan soma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A tsarin LMD na jami'o'i (lisans, masta, dakta), bayan lisans akwai masta shekara 2, sai dakta shekara 3, ko da yake mai haɗa karatu da aji yakan zarce haka. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi ta fi karkata ga kimiyya, noma da lafiya, don haka ka duba ENS, babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ko tsangayar ilimin tarbiyya ta Jami'ar Tawa. Idan ka samu kujera, ƙarin girma yana hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska da ke Wagadugu, kuma maƙalun da ka wallafa a mujallun da ta yarda da su take dubawa. Ka soma wallafawa tun kana dakta.

Kafin nan ka san takardun gida: dokar tsarin ilimi ta LOSEN ta 1998, shirin bunƙasa ilimi na PDDE na 2003 zuwa 2013, shirin ilimi da horo na PSEF da ya biyo shi a 2014, da rahotannin PASEC, masu auna ƙoƙarin 'yan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, na 2014 da 2019.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne zaɓen maudu'i. Wani zai ce "matsalolin ilimi a Nijar", wannan kuwa ba ya bincikuwa. Ka matse shi: me ya sa 'yan mata ke barin makaranta tsakanin CM2 (ajin ƙarshe na firamare) da ajin farko na koleji a gundumar Gidan Rumji? Ko yaya karatun 'yan CP (aji biyu na firamare) yake a makarantun da ke koyarwa da Hausa da Faransanci, waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973?

Kada ka shiga makaranta ba takardar izini daga hukumar ilimi ta jiha da ta sufeto; darakta zai yi maka fara'a, amma ba zai buɗe maka rajista ba. Rajistar ma kada ka dogara da ita kaɗai. Sunan yaro yana nan tun Oktoba, shi kuwa yana gona, kuma wasu azuzuwan zana ba a kafa su sai an gama girbi an samu kara. Ka ƙidaya kawuna da kanka, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Iyaye da 'yan kwamitin makaranta kuma ka zanta da su da Hausa, ba a gaban darakta ba.