Amsa ga Alhaji kan jirgi mai inji biyu: 340, 414, 421 ko Baron 58P?

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, barka da yamma. Na saurari tambayarka, ka ce kana son jirgin kanka mai injin fistan biyu, irin wanda ake matsa wa iska a ciki, don zirga-zirga da iyali daga Legas zuwa Abuja da Kano, kuma an kawo maka Cessna 340, 414 da 421, sai Baron 58P na kamfanin Beechcraft. Ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Mu fara da mai, don shi ne zai yanke hukunci. Duk huɗun nan abgas suke sha, wato fetur ɗin jiragen sama da ake kira 100LL, mai launin shuɗi. Ba sa shan Jet A-1, kananzir ɗin da manyan jirage ke sha a filin jirgin Legas da ke Ikeja. Abgas kuwa yana da wuyar samu a ƙasar nan, shigo da shi ake yi, galibi a duro mai lita 200. Ka duba ko kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta sayo jiragen Diamond masu shan Jet A-1. To yi lissafi. Legas zuwa Kano kilomita 830 ne da ɗoriya a miƙe, wajen awa biyu da rabi. 340 da 414 suna shan kamar lita 130 zuwa 140 a awa, 421 ya kai 160 ko fiye, kuma lokacin hawa sama sun fi haka sha. Ka ga zuwa kaɗai duro biyu ne, ban da na ajiya, sannan dole na dawowa ya riga ka isa Kano. In ba ka da wanda zai tabbatar maka da wannan a kai a kai, ka bar maganar fistan, ka duba King Air 90 mai shan Jet A-1. Kuma don Allah duk ranar shan mai matuƙi ya tsaya a wurin da kansa. In aka zuba wa injin fistan kananzir bisa kuskure, zai iya tashi lafiya, sai an bar ƙasa ya mutu.

To ita matsa iskar, ga yadda take. Tobo ɗin kowane inji, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana tura iska, a ɗebi wani kaso a shigar cikin jirgi, sai wani bawul a baya ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Ana auna ƙarfin da psi, wato ma'aunin matsin iska. 340A (harafin A ko C a nan yana nuna samfurin baya-baya ne) yana riƙe 4.2, Baron 58P na baya-baya 3.9, su kuma 414A da 421C 5.0. Ma'ana, a ƙafa 20,000, wanda ke cikin 414A jikinsa zai ji kamar yana ƙafa 6,000, na cikin 340A kamar 8,000. Ga dattijo ko yara wannan bambanci ne na gaske. Jirgin da ya kasa riƙe adadinsa kuwa, yawanci yoyo ne: robar ƙofa ta bushe, ko robobin da wayoyin sarrafawa ke ratsawa sun yage, ko bawul ya yi datti. A gwajin saye sai an hau sama an ga allura ta kai inda littafi ya ce.

Amma kar wani ya ce maka za ka haye hadari. Gajimaren damina a nan yana wuce ƙafa 40,000, kewaye shi ake yi, saboda haka rada mai aiki wajibi ce. Kuma daga wajen ƙafa 15,000 zuwa sama ƙanƙara tana kama fiffike ko a ƙasarmu mai zafi. Robobin fasa ƙanƙara su zama lafiyayyu.

Yanzu ɗaya bayan ɗaya. 340A ya fito a 1976, inji Continental mai ƙarfin doki 310, kujera shida, amma cikinsa matsattse ne, kuma in ka cika tanki mutum uku ko huɗu ne iyakarka. Tsarin mansa na son natsuwa. Tankunan da ke bakin fiffike su ne manya, kuma rarar man da inji bai ƙona ba can take komawa ko da daga ƙaramin tanki kake sha. Don haka sai an sha babban awa ɗaya ko ɗaya da rabi, gwargwadon girman ƙananan, kafin a juya. In aka yi gaggawa, babban ya cika ya riƙa zubar da mai a iska.

Baron 58P yana da daɗin tuƙi da ƙarfin jiki, doki 325 a na baya-baya, sai dai shi ma ciki ba faɗi. Na matuƙin da ke tuƙa kansa ne, ba na mai gida da iyali da kaya ba.

421C shi ne sarkinsu wajen jin daɗi. Doki 375, kuma akwai giya tsakanin inji da farfela, farfela tana juyawa kashi biyu cikin uku na gudun inji, shi ya sa ciki shiru, ana hira ba ɗaga murya. Amma injin nan ba ya son hannu mai garaje. A ja maƙura da sauri, ko a bar iska ta riƙa juya farfela lokacin sauka, giya da silinda su ne za su biya. Awa 1,600 aka ƙayyade masa kafin garambawul, kuma kuɗin garambawul ɗinsa ya fi na sauran nesa. In matuƙa za su riƙa canzawa a kansa, ban ba ka shawara ba.

Ni a ganina 414A, wanda ya fara a 1978, shi ya fi dacewa da kai. Faɗin cikinsa ɗaya da 421, injinsa irin na 340A ne mara giya, an cire tankunan bakin fiffike, mai yana cikin fiffiken kansa, wajen lita 780, babu yawan juye-juye. Rauninsa nauyi: jiki babba, doki 310. Cikakken tanki kilo 560 ne, to ba a cika tanki a cika kujeru. Wanda kamfanin RAM na Amurka ya ƙara wa ƙarfi zuwa 335 ya fi. Wannan yana da muhimmanci, domin in inji ɗaya ya mutu, jiragen nan da ƙyar suke hawa ƙafa 200 zuwa 350 a minti, shi ma a sanyi a bakin teku. A zafin Kano na Afrilu, ko a Jos da filin ya haura ƙafa 4,000, da cikakken lodi, zai iya zama babu hawa sam. Rage kaya, tashi da sassafe, kuma matuƙi ya riƙa sabunta horon inji ɗaya duk shekara.

Sai tsufa. An daina ƙera su tun tsakiyar shekarun 1980, ƙaraminsu ya kai shekara arba'in. Abin da za a fara dubawa a Cessna shi ne salansa. Hukumar jiragen Amurka ta fitar da umarni mai lamba 2000-01-16: dubawa da ido duk awa 50, gwajin matsi duk shekara, a kwance shi a duba a awa 2,500 ko shekara 12. Dalili, in ya tsage, wutar tana dukan ƙarfen da ke riƙe inji da bututun mai. Littafin gyaran da bai nuna wannan ba, a bar jirgin.

Legas kuma tana da nata: laima da gishirin teku. Jirgin da ke zaune tsatsa ke cin silindarsa daga ciki. A tashe shi sama aƙalla awa ɗaya duk mako, don baƙin mai ya yi zafin da zai kore ruwa. Kunna shi a ƙasa kawai ƙara ɓarna yake. A canza baƙin mai duk awa 50 ko wata huɗu, a ajiye shi a rumfa, a fesa maganin tsatsa cikin fiffike da wutsiya. Lokacin hazo a yawaita duba matatar iska. Kuma kar ka sayi mara na'urar sanyaya ciki, tagoginsa ba sa buɗuwa yadda za a sha iska, jiran izinin tashi a Ikeja da rana azaba ce.

Ta fuskar takardu, rajistar 5N, wato lambar jiragen Najeriya, da izinin tashi na ƙashin kai daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kuma da wannan izinin ba a ɗaukar fasinja a karɓi kuɗi. Kafin ka biya ko sisi, nemo injiniya mai lasisi a nan wanda ya san injin Continental mai tobo, shi ya je ya leƙa cikin kowace silinda da kyamara, ba injiniyan mai sayarwa ba. In an turo maka hotunan littattafan gyaran, sako su nan a duba awannin inji da ranar da aka kwance salansa. Wassalamu alaikum.