Hukuncin Sa Baƙaƙen Kaya Don Nuna Alhinin Mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, wasu 'yan uwa sun ce mu sa baƙaƙen kaya na wata guda, maza kuma su ɗaura baƙin ƙyalle a damtse. Mahaifiyarmu ma an ce baƙi kaɗai za ta sa har ta fita takaba. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ku haƙurin rashi.

Baƙin ciki da zubar hawaye ba laifi ba ne. Manzon Allah (SAW) ya yi hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Amma ware wata tufa ko alama don shelanta alhini ba shi da asali. Khadija ta rasu, aka kashe Hamza a Uhudu, ba a ruwaito Annabi (SAW) ya sa baƙi ko ya umarci kowa da hakan ba. Abin da ya zo ma, a Bukhari da Muslim, shi ne wanda ya mari kumatu ko ya kece riga don mutuwa ba ya cikinmu. Saboda haka maza su bar ƙyallen nan, babu takaba a kansu.

Mata 'yan uwan mamaci an yi musu rangwamen barin ado na kwana 3 kawai. Da Abu Sufyan ya rasu, 'yarsa Ummu Habiba, matar Annabi (SAW), ta nemi turare bayan kwana ukun ta shafa, ta ce ba sha'awarsa take ba, hadisin da ya iyakance barin adon ga kwana 3 take bi.

Mahaifiyarku kuwa takaba ta wajaba a kanta, wata 4 da kwana 10 (Baƙara, aya ta 234), mai ciki kuma har ta haihu. Za ta bar turare, kwalli, lalle, kayan ƙarau da tufafin kwalliya. A nan ne ake yawan kuskure: Ibnu Abi Zaid a Risala ya ce ta guji rinannun kaya in ban da baƙi. Halatta shi ya yi don ba ado ba ne, bai wajabta shi ba. Fari ko wata tufa marar ƙawa duk sun isar mata, kuma tana wanka tana sauya kaya. Kada a ƙuntata wa baiwar Allah da abin da shari'a ba ta ɗora mata ba.

Ku fahimtar da 'yan uwanku cikin taushin harshe, su ma zafin rashin ne ke damunsu. Ku fara biyan bashinsa in akwai, ku yawaita yi masa addu'a da sadaka.

Wallahu a'alam.