Ina ake tsayawa a gwajin asid na man gyaɗa?

Ka ce: "Maigida, in ina ɗiga soda (ruwan sodiyum haidiroksaid, NaOH) a man gyaɗa don auna asid ɗinsa, launin hoda yakan fito, can ya ɓace, na ƙara ya sake ɓacewa. Ina zan tsaya?"

To saurara, ɗana. Hodar farko da ta yi sakan 30 ba ta gushe ba, nan ake tsayawa. Abin da ka ɗiga bayan wannan duk ƙarya ce a lissafinka.

Fara sanin abin da kake nema. A kowace ƙwayar mai akwai wani sinadari, gilisarol, riƙe da asid ɗin kitse guda uku. A gyaɗa akasarinsu oleyik ne da linoleyik. Gyaɗar ta tara man ne guzurin tsiro. Da danshi ya shige ta, sinadarin lifes da ke cikinta sai ya fara tsinke asid ɗin daga gilisarol, haka fumfuna ma take yi a buhun da aka ɗinke gyaɗa ba ta bushe ba. Waɗannan sakakkun asid ɗin kaɗai soda ya kamata ta ci. In ka daɗe kana kaɗa falas (kwalbar gilashin da ake gwajin a ciki) da zafi, sodar takan juya kan lafiyayyen man ta mai da shi sabulu, iskar kabon da ke ɗakin kuma tana cin nata rabon. Shi ya sa launin ke ɓacewa, kai kuma kana ta bin sa.

Auna giram 28.2 na man, bayan ka girgiza kwalbar sosai, don na ƙasa da na sama ba ɗaya ba ne. Ɗumama etanol mai ƙarfin kashi 95, mililita 50, sa finolftalin (sinadarin da ke komawa launin hoda in soda ta rinjayi asid) mililita 2, ka ɗiga masa soda har ya ɗan yi hoda tun bai taɓa mai ba. Masu gaggawa nan suke tsallakewa, sai asid ɗin etanol ya hau kan na mai. Zuba shi kan man, ka saki soda mai ƙarfin 0.1 N (mol 0.1 a kowace lita) daga buret, bututun gilashi mai awo da ake ɗiga ruwa da shi, kana kaɗawa da ƙarfi, domin mai da etanol ba sa son haɗuwa. Sa farar takarda ƙarƙashin falas. Ɗanyen mai ruwan ɗorawa ne, yana ɓoye hoda.

Lissafi: mililitar soda sau ƙarfinta sau 28.2, a raba da nauyin mai. Da wannan awon, mililita 8 ta ba ka sakakken asid kashi 0.8 cikin ɗari. Lambar 28.2 daga nauyin ƙwayar oleyik ta fito, wato 282. In manja aka kawo, 25.6 za ka sa saboda falmitik ya fi yawa, kuma jansa zai wahalar da idonka. Man da kake zaton ya wuce kashi 1, rage shi zuwa giram 7.05, etanol mililita 75, soda mai ƙarfin 0.25.

Sodar kanta abin tuhuma ce. Kwalbar da aka bari a buɗe ta sha iska, ƙarfinta ya ragu, buret ya ci da yawa, sai ka ɗora wa mai laifin da ba nasa ba. Gwada sodar da KHP, wani garin asid da ake auna ƙarfin soda da shi, kafin ka fara, ka rubuta kwanan wata a jikin kwalbar. Kumfar iska a bakin buret ma ka kore ta tukuna.